Hans Berger (1873–1941): Likitan da Ya Fara Auna Lantarkin Ƙwaƙwalwar Ɗan Adam

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya kai matakin rubuta kundi ya san nauyin da ake ɗora wa ambato a duniyar ilimi ta yau. Ana auna malami da yawan maƙalun da ya wallafa, ana kuma auna maƙala da yawan masu binciken da suka kafa hujja da ita. Rayuwar Hans Berger, likitan ƙasar Jamus da ya fara ɗaukar zanen lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, wanda likitoci suke taƙaita sunansa da haruffan EEG, tana nuna abin da wannan ma'auni yake iya faɗa da abin da ya fi ƙarfinsa. Shekara 5 ya yi yana ɓoye sakamakonsa, ya ƙara wasu 5 bayan wallafawa kafin manyan masana su waiwaye shi. Daga baya aikin ya zama tushen wani reshe sukutum na likitanci, wato awon aikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibiti, ya kuma zama ɗaya daga cikin hanyoyin da masana kimiyyar harshe suke bi su ga yadda ƙwaƙwalwa take sarrafa magana.

Asali da tasowa

An haifi Hans Berger ranar 21 ga Mayu, 1873, a ƙauyen Neuses da ke gefen garin Koburg na ƙasar Jamus. Mahaifinsa, Paul Friedrich Berger, likita ne a asibitin Koburg. Mahaifiyarsa, Anna, ɗiyar Friedrich Rückert ce, marubucin waƙoƙi kuma farfesan harsunan Gabas. Sunan wannan kaka ba baƙo ba ne ga masu nazarin fassara, domin shi ne ya mayar da Maƙamatul Hariri zuwa Jamusanci, littafin da almajiran ilimi a zaurukan ƙasar Hausa suke karantawa idan sun kai fagen lugga. Rückert ya mutu a 1866, don haka jikan bai tarar da shi ba, amma kula da ƙirar kalma ta bayyana daga baya a aikin jikan, kamar yadda bayani zai zo.

Berger ya gama sakandare a Koburg a 1892, ya shiga jami'a da niyyar zama masanin taurari. Bayan zango ɗaya ya ajiye karatun, ya shiga soja. A wani atisaye dokinsa ya zabura ya kayar da shi a gaban keken igwa da dawakai suke ja, direban ya samu ya tsayar da dawakan kafin su tattake shi. A bisa abin da shi da kansa ya ruwaito, da maraicen ranar ya sami waya daga mahaifinsa yana tambayar lafiyarsa, saboda yayarsa, wadda take can nesa, ta wayi gari da firgicin cewa wani abu ya sami ƙanenta. Berger bai ɗauki wannan a matsayin dace ba. Ya yi imani cewa tsoron da ya ji ne ya isa zuciyar yayar, kuma dole akwai wani ƙarfi na zahiri da ya ɗauki saƙon. Da ya bar soja sai ya koma karatun likita, ya kammala a Jami'ar Yena a 1897, ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali na jami'ar a ƙarƙashin Otto Binswanger. A wannan asibiti ya yi duk rayuwarsa ta aiki, in ban da shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya da ya yi a matsayin likitan soja a fagen daga na Faransa. Ya auri Ursula von Bülow a 1911, ya gaji Binswanger a shugabancin asibitin a 1919, ya kuma riƙe shugabancin jami'ar a 1927.

Shekarun lalube

Tambayar da Berger ya sa gaba ta ginu ne a kan dokar kimiyya da ta ce ƙarfi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. A lissafinsa, ƙwaƙwalwa tana samun ƙarfi daga abinci ta hanyar jini, wani kaso ya zama zafi, wani ya zama lantarki. Idan aka auna waɗannan aka ga akwai ragowa, to ragowar ita ce ƙarfin tunani. Ya fara da gudanar jini a cikin ƙoƙon kai, yana bin sawun Angelo Mosso na Italiya, kuma a kan wannan batu ya rubuta kundin da ya ba shi damar koyarwa a jami'a a 1901. Ya koma kan zafin ƙwaƙwalwa, ya wallafa littafi a kansa a 1910. Duk waɗannan ba su kai shi inda yake so ba.

Ba shi ne ya fara gano cewa ƙwaƙwalwa tana fitar da lantarki ba. Richard Caton ya nuna haka a Ingila a 1875 a kan zomaye da birai. Adolf Beck ya tabbatar da shi a 1890, sannan Vladimir Pravdich-Neminsky ya ɗauki hoton zanen daga ƙwaƙwalwar kare kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sai dai dukkansu dabbobi suka yi amfani da su. Matsalar ɗan Adam ita ce ƙanƙantar lantarkin. Abin da yake kaiwa fatar kai bai wuce kimanin kashi 50 cikin miliyan na bolt ɗaya ba, ke nan batirin tocila guda ya ninka shi kusan sau 30,000. Bugun zuciya, motsin ido, ɗaurewar naman goshi, har ma motar lantarki da ke wucewa a titi, kowanne yana iya rufe shi. Berger kuma ba injiniya ba ne, ba shi da horo mai zurfi a kimiyyar lantarki. Abokan aikinsa sun san shi a matsayin mutum mai tsare gida, mai kiyaye lokaci, wanda ba ya sauya tsarin yininsa. Gwaje-gwajensa yakan yi su ne da maraice a wani ƙaramin ɗaki, bayan ya gama duba marasa lafiya, kuma kaɗan ne suka san abin da yake nema.

Daga 1924 zuwa 1929

Ranar 6 ga Yuli, 1924, Berger ya jona na'urarsa a kan wani saurayi ɗan shekara 17 wanda likitan fiɗa Nikolai Guleke ya yi wa aiki, aka bar wani gurbi a ƙoƙon kansa babu ƙashi. Na'urar, wadda ake kira galbanomita, tana da wani siririn zare da yake karkarwa idan lantarki ya ratsa shi, ana kuma ɗaukar inuwar zaren a kan takardar hoto mai tafiya. Zaren ya motsa. Motsin ƙanƙane ne ƙwarai, amma shi ne zanen farko na lantarkin ƙwaƙwalwar mutum.

Wani mai binciken da ya garzaya ya wallafa. Berger ya yi shekara 5 yana tuhumar sakamakonsa. Ya sami na'ura mafi kaifi daga kamfanin Siemens. Ya gwada allurai na azurfa a ƙarƙashin fata, ya gwada faifai na dalma da na azurfa da ake ɗaurewa a goshi da ƙeya. Ya auna marasa lafiya masu gurbi a kai, ya auna masu lafiya, ya auna ɗansa Klaus sau da yawa, ya sa aka auna shi kansa. Ya riƙa ɗaukar bugun zuciya a takarda ɗaya da zanen kai domin ya nuna cewa ba tare suke tafiya ba. Ya bi sauran abubuwan da ake iya zargi ɗaya bayan ɗaya, jijiyoyin jini da fata da nama da ido, yana fitar da kowanne da gwaji. Wannan taka-tsantsan shi ne ya ceci aikin daga baya, domin lokacin da masu shakka suka zo, sun tarar ya riga ya amsa yawancin tambayoyinsu.

Maƙalar farko ta fito a 1929 a mujallar Archiv für Psychiatrie und Nervenkrankheiten, kundi na 87, shafi na 527 zuwa 570. A cikinta ya bayyana igiyoyi iri biyu: manya masu tafiya a hankali, kimanin 10 a daƙiƙa ɗaya, da ƙanana masu sauri. A maƙala ta biyu, a 1930, ya raɗa musu sunan haruffan Girkanci, alfa da beta. Ya nuna cewa alfa tana bayyana sarai idan mutum ya kwanta ya rufe ido ya saki jiki, tana kuma dusashewa da zarar ya buɗe ido ko aka ba shi lissafi ya yi da ka. An ga alamar aikin hankali a rubuce a takarda, ba tare da an tambayi mai tunanin ba.

Zaɓen suna

Akwai wani ɓangare na maƙalar da ya shafi masu nazarin ƙirar kalma kai tsaye. Pravdich-Neminsky ya riga ya ƙirƙiro suna, inda ya haɗa kalmar Girkanci ta lantarki da kalmar Latin cerebrum, ma'ana ƙwaƙwalwa, da kalmar Girkanci gramma, ma'ana abin da aka rubuta. Berger ya ƙi wannan suna saboda ya gauraya saiwoyin harsuna biyu a kalma ɗaya. Ya maye gurbin saiwar Latin da ta Girkanci, enkephalos, wadda ita kanta harɗaɗɗiya ce mai nufin abin da ke cikin kai. Ya rubuta kalmar da harafin k kamar yadda take a Girkanci, ya kuma jefar da wasalin o na haɗi domin saiwar da ke biye da wasali ta fara. Haka aka sami Elektrenkephalogramm. Masu amfani da kalmar sun karɓi saiwoyinsa, amma ba su bi shi a sauran ba: Faransanci da Ingilishi sun mayar da wasalin, sun kuma musanya k da c. Ƙirƙirar kalma aikin mutum ɗaya ne, amma yadda za ta zauna a baki yana hannun jama'a, kuma masu ƙirƙiro kalmomin fannu a Hausa sun san wannan.

Maƙalu 14 da shirun masana

Tsakanin 1929 da 1938 Berger ya wallafa maƙalu 14, duka da take ɗaya, lambar jeri kawai take bambanta su. A cikinsu ya bayyana yadda zanen yake sauyawa a barci, da lokacin da aka sa wa mutum maganin gusar da hankali, da lokacin ƙarancin iska a jini, da yadda yake bambanta tsakanin jariri da babba. Ya ɗauki zanen masu farfaɗiya da masu ƙari a ƙwaƙwalwa. A 1932 wani masanin kimiyyar lissafi da lantarki da ke aiki tare da shi a Yena, Dietsch, ya rarraba igiyoyin da dabarar lissafi ta Fourier, dabarar da masu nazarin furuci suke amfani da ita a yau wajen rarraba sautin wasali. Kusan duk ƙofofin da fannin ya shiga daga baya, Berger ya riga ya ƙwanƙwasa su.

Duk da haka, a shekarun farko kaɗan ne suka kula. Wasu masu bincike a Barlin sun kama aikin, amma manyan masana aikin jijiyoyi sun yi biris. Harshe ba shi ne babban shinge ba a lokacin, domin Jamusanci yana cikin manyan harsunan kimiyya. Shingen farko shi ne wurin bugawa: mujallar likitocin taɓin hankali ce, masana jijiyoyi ba safai suke buɗe ta ba. Na biyu shi ne take ɗaya da bai gaya wa mai duba jerin maƙalu abin da ke ciki ba, ga kuma salon rubutu mai nauyi. Na uku shi ne abin da masana suka riga suka sa a ransu. Sun san cewa kowace jijiya tana aika saƙo cikin ƙiftawar ido, kuma ƙwaƙwalwa tana ɗauke da jijiyoyi bila adadin, kowace da nata aiki. A ganinsu, abin da za a ji daga waje sai dai hayaniya irin ta kasuwa. Igiya mai tsari, 10 a daƙiƙa, ta fi kama da kuskuren na'ura. Shi kuma Berger ba mai yawon taro ba ne, ba ya neman abokan hulɗa a wajen asibitinsa.

Shaida daga Kambirij

Wanda ya karya shirun shi ne Edgar Adrian na Jami'ar Kambirij a Ingila, wanda ya sami kyautar Nobel a 1932 a kan aikin jijiyoyi. Shi da abokin aikinsa Bryan Matthews suna nazarin ƙwaƙwalwar dabbobi ne lokacin da suka ci karo da maƙalun Berger, kuma da shakka suka karance su. Suka maimaita gwajin da na'urori mafi inganci, sai ga igiyar ta fito kamar yadda aka bayyana. A watan Mayu na 1934, a taron ƙungiyar masana aikin gaɓoɓin jiki a Kambirij, Adrian ya zauna a gaban jama'a da wayoyi a kansa, alƙalamin na'ura yana rubutu a takarda. Ya rufe ido igiyar ta bayyana, ya buɗe ta ɓace. A wannan shekara suka wallafa sakamakon a mujallar Brain, suka sa wa igiyar sunan Berger a take. Berger bai so haka ba, sunan alfa ne kuma ya ɗore. Sun saɓa da shi a wuri ɗaya: shi yana ganin duk ɓawon ƙwaƙwalwa ne yake fitar da alfa, su kuma suka nuna ta fi ƙarfi a ƙeya, inda sashen gani yake.

Daga nan abin ya bazu kamar wutar daji. A 1935 Herbert Jasper da Leonard Carmichael suka tabbatar da shi a Amurka. A shekarar ce kuma Frederic Gibbs da Hallowell Davis da William Lennox suka bayyana zane na musamman, mai maimaituwa sau 3 a daƙiƙa, na irin farfaɗiyar da take sa yaro ya yi sororo na ɗan lokaci ba tare da ya faɗi ba. A 1936 Grey Walter a Ingila ya yi amfani da igiyoyi masu tafiyar hawainiya, waɗanda ya kira delta, wajen gano inda ƙari yake a ƙwaƙwalwa. A 1937 aka gayyaci Berger taron duniya na masana halayyar ɗan Adam a Faris, ya jagoranci zama tare da Adrian. A can ya ga da idonsa cewa sunansa ya fi girma a ƙasashen waje bisa ga gida. Abin lura shi ne, babu harafi ɗaya da ya sauya a maƙalar 1929 tsakanin shekarar da aka yi watsi da ita da shekarar da aka rungume ta. Abin da ya ƙaru shi ne shaidar mutumin da ake jin maganarsa.

Zamanin Nazi da ƙarshen rayuwa

Berger ya yi ritaya a 1938 yana da shekara 65, aikin awon ƙwaƙwalwa a asibitinsa kuma ya tsaya. An daɗe ana ba da labarin cewa gwamnatin Hitila ce ta kore shi saboda ba ya goyon bayanta. Binciken da masaniyar tarihin likitanci Susanne Zimmermann ta yi a ma'ajiyar takardu, da wata maƙala da Zeidman da Stone da Kondziella suka wallafa a 2014, sun rushe wannan labari. Takardun sun nuna cewa ritayarsa ta zo ne a kan ƙa'idar shekaru, cewa yana cikin masu ba rundunar SS gudummawar kuɗi, kuma ya sa hannu wajen zaɓen magajinsa, Berthold Kihn, wanda daga baya ya shiga shirin kashe marasa lafiya.

Mafi muni shi ne zamansa a kotun ɗaukaka ƙara ta Yena da ke yanke hukunci a ƙarƙashin dokar 14 ga Yuli, 1933. Wannan doka ta ba da ikon yi wa mutum aikin hana haihuwa na dindindin a kan tilas idan aka ce yana ɗauke da cutar gado, kuma ta lissafa masu taɓin hankali da makafi da kurame na gado, har da masu farfaɗiya. Kimanin mutum 400,000 aka yi wa wannan aiki a Jamus. Ke nan mutumin da ya ba duniya hanyar gane farfaɗiya a matsayin cutar da ake iya aunawa, ya zauna a kujerar da ake yanke wa irin waɗannan marasa lafiya hukunci.

A 1940 ya wallafa wani ƙaramin littafi inda ya koma kan labarin doki da saƙon zuci, ya kuma yarda cewa lantarkin da ya auna ya yi rauni da yawa, ba zai iya ɗaukar saƙo zuwa nesa ba. Abin da ya fita nema tun yana saurayi bai same shi ba. An gabatar da sunansa don kyautar Nobel, amma bai samu ba. Ciwon damuwa mai tsanani da wata cutar fata suka haɗu suka kwantar da shi, kuma ranar 1 ga Yuni, 1941, ya kashe kansa a asibitin Yena.

Abin da lissafin ambato yake gani

Bayan yaƙi fannin ya tsaya da ƙafafunsa. An yi taron duniya na farko a Landan a 1947, aka kafa mujallar fannin a 1949 da Jasper a matsayin edita, mujallar da ta koma amsa sunan Clinical Neurophysiology a 1999. A 1958 Jasper ya wallafa tsarin 10–20 na jera wayoyi a kai, wanda asibitoci suke bi har yau. A wannan lokaci ne kuma Ingilishi ya ture Jamusanci daga kujerar harshen kimiyya, sai shingen harshe ya tashi a gaban maƙalun Berger. Wanda ba ya jin Jamusanci sai dai ya san su ta bakin wasu, har zuwa 1969 da Pierre Gloor na Kanada ya fassara duka 14 zuwa Ingilishi, shekara 40 bayan fitowar ta farko.

Ƙidayar ambato a tsare ta zo ne bayan mutuwar Berger. Eugene Garfield ya fitar da kundin ƙidayar ambaton kimiyya a 1964, Jorge Hirsch kuma ya ƙirƙiro ma'aunin h a 2005. Da an ɗora irin wannan awo a kan Berger a 1933, da sakamakon ya nuna malami mai shekara 60 wanda ba a cika ambatonsa ba. A yau maƙalarsa ta 1929 an ambace ta sau dubbai, amma ko wannan adadi bai kai girman tasirinta ba. Masanin zamantakewa Robert Merton ya yi bayanin yadda binciken da ya shiga jinin fanni yakan rasa ambato, domin ya zama sanin kowa. Likitan da yake karanta zanen mai farfaɗiya ba ya rubuta sunan Berger a rahotonsa, kamar yadda mai rubuta Hausa da boko ba ya ambaton waɗanda suka tsara haruffa masu lanƙwasa. Ƙidayar kuma ba ta ganin abin da bai shiga rumbunanta ba, kuma mujallun da ake bugawa da harsunan Afirka ba safai suke shiga ba. Haka nan ba ta da wurin da za ta rubuta hukuncin kotun Yena.

Gadonsa a nazarin harshe

Saurin awon lantarkin ƙwaƙwalwa shi ne ya jawo masana harshe gare shi, domin yana bin aikin ƙwaƙwalwa a ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, daidai da saurin magana. Ana gabatar wa mutum kalmomi sau da yawa, a tara zanen a fitar da matsakaici, sai hayaniya ta kwanta, martanin kalmar ya fito. A 1980 Marta Kutas da Steven Hillyard suka wallafa a mujallar Science cewa kalmar da ba ta dace da ma'anar jimla ba tana haifar da wata igiya kimanin kashi 4 cikin 10 na daƙiƙa bayan bayyanarta, wadda aka sa wa suna N400. A misalin Hausa, shi ne bambancin jin an ce ta dama fura da nono da jin an ce ta dama fura da takalmi. A 1992 Lee Osterhout da Phillip Holcomb suka bayyana wata igiyar, P600, wadda take da alaƙa da tangarɗar ginin jimla, irin wadda Bahaushe yake ji idan aka ce yarinya ya tafi. A 1997 Risto Näätänen da abokan aikinsa suka nuna a mujallar Nature cewa ƙwaƙwalwar mutanen Finlan da ta mutanen Estoniya suna mayar da martani daban ga wani wasali da yake ƙwayar sauti a harshe ɗaya amma babu shi a ɗayan.

Yawancin irin wannan bincike an yi shi ne a kan harsunan Turai da wasu na Asiya, alhali Hausa tana da abubuwan da suka dace da shi. Akwai karin sauti da ke raba baba mahaifi da baba na rini, akwai baƙaƙe masu lanƙwasa da ke raba bari da ɓari, kafa da ƙafa. Yankin Adar kuma yana da nasa tambayoyi. Ana iya tambayar yadda kunnen da ya saba da hura da hwari yake karɓar fura da fari na daidaitacciyar Hausa. Ana iya tambayar yadda yaron Abalak ko Cintabaraden da ya tashi da Tamajak a gida, harshen da ba shi da karin sauti irin na Hausa, yake rarrabe waɗannan kalmomi a kasuwa.

Akwai kuma buƙatar da ta fi wannan gaggawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ne suke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki, kuma har kashi 70 cikin 100 suna iya rabuwa da faɗuwa idan aka gano cutar aka ba su magani yadda ya kamata. A ƙasar Hausa har yanzu akan danganta ta da iskoki, akan kuma guji yawun mai ita don tsoron ɗauka, alhali ba a ɗaukar ta. Na'urar Berger tana taimakawa, amma zanen yakan fito lafiya lau tsakanin faɗuwa da faɗuwa, don haka likita yana dogara sosai da bayanin wanda ya ga abin da ya faru. Idan likitan ya yi karatu da Faransanci, mahaifiyar yaron kuma tana bayani da Adaranci, to ingancin magani ya rataya a kan fassara da kalmomin fannu, wato aikin masana harshe.

Kammalawa

Hans Berger ya fita neman hujjar saƙon zuci, ya dawo da na'urar da asibitoci da ɗakunan bincike suke amfani da ita shekara 100 bayan gwajinsa na farko. Ingancin aikinsa ya samu ne daga shekarun da ya yi yana tuhumar kansa kafin ya wallafa. Karɓuwarsa ta jira wanda zai maimaita gwajin a gaban jama'a, yaɗuwarsa kuma ta buƙaci mai fassara. Lissafin ambato yana iya nuna lokacin da duniya ta ji labarin bincike da yawan waɗanda suka ji. Hukunci a kan gaskiyar binciken, da kuma a kan abin da mai binciken ya yi da ikon da ilimi ya ba shi a kan marasa ƙarfi, sai wanda ya buɗe maƙalun da takardun tarihi ya karanta da kansa ne zai iya yanke shi.